Karkarwar Mota da Farashin Amana: Dalilin da Ya Sa Ya Kamata a Biya Bakanike Kuɗin Bincike

Duk wanda ya saba tuƙi a hanyar Kano zuwa Zariya ya san wannan lokaci. Mota ta fita daga cunkoson gari, ta wuce Kura, hanya ta buɗe, allurar maleji ta haura tamanin, sai sitiyari ya fara rawa a hannun direba. Idan ya sassauta totur rawar ta lafa, idan ya ƙara wuta ta dawo. Iyalinsa na baya suna hira, shi kuwa hankalinsa ya rabu biyu, rabi a kan kwalta, rabi a kan abin da tafin hannunsa ke ji.

Washegari ya kai ta gareji. "Malam, motar nan rawa take yi," in ji shi. Bakanike ya danna gefen bonet sau biyu, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, shokazoba ne." Aka aiki yaro kasuwa, aka sayo, aka ɗaura. Ranar da aka sake hawa babban titi rawar na nan daram. Zuwa na biyu aka ce alaimen ne. Zuwa na uku aka canza tayarod. Sai can daga baya wani mai injin balansin ya ɗora ƙafar gaba ta dama, ya nuna wa mai motar inda rami ya lanƙwasa bakin wili. Gyaran bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka riga aka kashe ba.

Hukuncin da mai motar zai yanke sananne ne: kanikawa ba su da amana. Akwai gaskiya a cikin wannan ƙorafi, domin akwai macuta a sana'ar kamar yadda suke a kowace sana'a. Sai dai hukuncin ya tsallake wata tambaya mai muhimmanci. A cikin zuwan nan uku, a wane lokaci ne wani ya biya bakaniken don ya zauna ya gano abin da ke damun motar? An biya shi ladan kwance ƙarfe da ɗaura wani. Tunaninsa kuwa, wanda shi ne kaɗai abin da motar ke buƙata tun farko, ba a sa masa farashi ba. Matuƙar bincike kyauta ne, riba kuma tana cikin canjin kaya, to za a ci gaba da canza kayan da lafiyarsu ƙalau, ko da bakaniken mutumin kirki ne.

Abin da karkarwa ke faɗa

Karkarwar mota ba ta cikin cututtukan da ke ɓoye asalinsu. Kusan kowace iri tana fitowa daga wani abu da ke juyawa, kuma kowane abu mai juyawa yana da lokacinsa. Taya tana juyawa daidai da gudun mota. Inji yana juyawa daidai da totur, ko motar na tafiya ko tana tsaye. Faifan birki yana juyawa tare da taya, amma ba a jin laifinsa sai an matse shi. Wanda ya lura da lokacin da rawar ke zuwa ya riga ya yi rabin binciken.

A ɗauki tayar da ta yi yawa a ƙananan motoci irin su Corolla, mai lamba 195/65 R15. Kewayenta ya kusa mita biyu. A gudun kilomita 100 a sa'a, tana zagayawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. Idan wani gefen wilin ya fi sauran nauyi da gram 30 kacal, wato nauyin ɗan guntun darmar da masu balansin ke maƙalawa a bakin wili, to a wannan gudu ɗan nauyin nan yana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kai na kilo huɗu da rabi, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 14 a daƙiƙa. Idan aka rage gudun zuwa rabi, ƙarfin fizgar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne ya sa motar da ke tafiya lami lafiya a cikin gari take tona asirinta a babban titi.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin wannan rawa ta fi tsanani tsakanin kilomita 80 zuwa 110, har wani lokaci ta ragu idan an wuce nan. Ƙafar mota tana da irin nata lilo a kan robar taya da sifirin. Idan bugun da rashin balansin ke yi ya dace da saurin wannan lilo, sai su ƙarfafa juna, kamar yadda ɗan turi kaɗan a lokacin da ya dace ke cilla yaro sama a kan shillo. Direban da ya ce "idan na ba ta wuta tana warewa" ya tsallake wurin da bugun ya dace da lilon ne kawai. Fizgar tana nan, ta ma ƙaru, tana cin boris da bol joyin a ɓoye.

Inda ake jin rawar ma shaida ne. Wadda ke zuwa ta sitiyari yawanci daga ƙafafun gaba take. Wadda ake ji a kujera ko a ƙasan ƙafa ta fi karkata ga ƙafafun baya, ko kuma dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi baya a motoci irin su Hilux da Hiace. Idan motar tana tafiya sumul har sai an taka birki, sannan sitiyari ko fedar ta fara bugawa, to faifan birki ne kaurinsa ya daina zama daidai, abin da zafi mai yawa ko ɗaure notuna ba bisa ƙa'ida ba kan jawo. Idan rawar tana zuwa lokacin da aka danna totur, musamman a hawa, ta kuma ɓace da zarar an ɗaga ƙafa, zargi yana kan gaɓar ciki ta shaf ɗin gaba. Ita kuwa gaɓar waje da ƙara take kuka, ƙas-ƙas-ƙas, idan an karya kwana. Dukansu biyu sukan lalace ne bayan robar da ke rufe su ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga.

Rawar inji dabam take, domin ba ta jiran mota ta motsa. Inji mai silinda huɗu da ke silo a juyi 750 a minti yana kunna wuta sau 25 a daƙiƙa. Idan fulogi ɗaya ko koyil ɗaya ko nozul ɗaya ya gaza, bugu ɗaya cikin kowane huɗu ya faɗi, sai injin ya riƙa ɗingishi, mai kuma ya riƙa zurarewa ba tare da ya ƙone ba. Idan kuwa injin yana aiki daidai amma jikin motar na karkarwa a danja yayin da giya ke kan D, ta kuma lafa idan an mayar da ita N, to robobin da injin ke zaune a kansu ne suka mutu. Wani lokaci ma laifin na man ne. 'Yan Najeriya ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci da dama suka fara tari da ɗingishi bayan shan mai.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Mai mota ba ya buƙatar sifana don ya tattara wannan shaida. Ya tsayar da motar, ya sa giya a firi, ya danna totur a hankali: idan rawar ta bayyana, daga inji take, taya ba ta da laifi. Ya lura da lambar da allurar maleji ke kai lokacin da rawar ke farawa da lokacin da take lafawa. Ya tuna abin da ya faru kafin ta fara, ko faɗawa rami ne, ko faci, ko sabuwar taya, ko shan mai a wani gidan mai da bai saba ba. Ya leƙa cikin wili, domin a damina busasshen taɓo da ya maƙale a ciki ya isa ya ɓata balansin, maganinsa kuma ruwa ne da tsumma. Ya shafa tayoyin ko zai ji kumburi. Ya duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke nuna iskar da kamfani ya ƙayyade, yawanci tsakanin 30 zuwa 35, ya gwada da abin da mai faci ya dura masa, wanda sau da yawa ya zarce haka nesa.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi sauran yanke hukunci. A musanya ƙafafun gaba da na baya, a sake hawa titi. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama mai laifi, taya ce ko wili, kuma babu dalilin taɓa shokazoba ko tayarod. Aikin minti ashirin ne a wurin mai faci.

Yana da kyau a kuma raba abubuwa biyu da baki ya saba haɗawa. Balansin yana daidaita nauyin ƙafa. Alaimen yana daidaita inda ƙafafun ke fuskanta. Motar da alaimen ɗinta ya ɓaci takan ja gefe guda ko ta cinye taya ta ɓangare ɗaya, amma da wuya wannan kaɗai ya sa ta rawa a gudu. Wanda ya kai kukan karkarwa aka yi masa alaimen ba tare da an juya ƙafafun a injin balansin ba, an ba shi maganin ciwon da bai kawo ba.

Rawar da ba ta jiran ƙarshen wata

Da yawa daga cikin waɗannan matsaloli za su iya jiran albashi. Wasu ba za su jira ba. Motar da ke yin rangaji a ƙaramin gudu, kilomita 20 zuwa 40, kamar mai tafiya da gurguwar ƙafa, sau da yawa tana nuna cewa wayoyin cikin taya sun rabu da roba. Irin wannan taya tana iya fashewa a kowane lokaci, musamman a zafin bazara da kaya a but. Rawar da ta zo farat ɗaya bayan an yi faci tana iya zama notuna ne ba a ɗaure ba. Rawa tare da ƙarar bugun ƙarfe idan an hau gargada tana iya zama bol joyin, kuma duk wanda ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar titi ƙafarta ta kwanta waje ya ga ƙarshen wannan labari. Fitilar inji mai walƙiya, saɓanin wadda ta kunnu ta tsaya, tana nufin ɗanyen mai yana shiga salansa, inda zai iya ƙona tukunyar tace hayaƙi mai tsada.

Batun taya ya fi nauyi a Najeriya saboda yanayin kasuwarta. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, amma duk da haka su ne ke ƙarƙashin ɗimbin motocin haya da na gida. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Shekarun taya a rubuce suke a jikinta: lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar ƙira, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin motoci da dama suna ba da shawarar a sauya taya idan ta kai shekara shida, kamfanonin taya kuma sun sa shekara goma a matsayin iyaka, ko da zanenta bai goge ba. Tayar gwanjo da ta yi watanni a matse cikin wata tayar a kwantena takan fito a karkace, kuma babu adadin darmar da zai miƙar da ita.

A nan ne kuskuren bincike ke wuce asarar kuɗi. Mutumin da aka canza wa shokazoba alhali tayarsa ce ke rabuwa ya bar gareji da natsuwar ƙarya. Ya biya, an ce masa an gyara, ya ɗebi iyalinsa ya hau hanya.

Dalilin da ya sa bakanike ke cinke

Masana tattalin arziki suna da suna ga irin wannan ciniki. A 1973 wasu masana biyu, Michael Darby da Edi Karni, suka yi rubutu a kan hajar da mai saye ba zai iya tantance ingancinta ba ko bayan ya yi amfani da ita, sai dai ya gaskata mai sayarwa. Gyaran mota yana cikin manyan misalansu. Wanda ya sayi shadda yana iya murza ta a hannu. Wanda aka ce masa boris ɗinsa ya mutu ba shi da hanyar sani, kafin gyara ko bayansa, ko tsohon yana da sauran shekara biyu. Matsalar ta tsananta ne saboda mutum ɗaya ne ke faɗin ciwon kuma yake sayar da maganin. Ba Kano kaɗai ke fama da wannan ba, haka abin yake a Landan da Shikago.

Abin da ya ƙara wa garejin Arewa nauyi shi ne yadda ake biyan kuɗi. Bakanike ya yi awa ɗaya yana tuƙa mota, ya ɗaga ta a jak, ya girgiza kowace ƙafa, ya gano cewa darma ce ta faɗi, ya tura mai motar wurin balansin. Me zai samu? Godiya, wataƙila da ɗan na goro. Da ya ce shokazoba ne, da ya sami kuɗin aiki, da kuma ɗan abin da ke tsakanin farashin da ya faɗa da wanda yaronsa ya biya a Kofar Ruwa ko Panteka. Yana da haya, yana da yara masu koyo da ke jiran kuɗin abincin rana. Tsarin yana hukunta mai gaskiya a kowace rana, yana kuma saka wa mai gaggawa. Abin mamaki ma shi ne yawan waɗanda suke riƙe amana duk da haka.

Ga kuma sauyin da ya sami motocin kansu. Manyan kanikawan yau da yawa sun koyi aiki a hannun waɗanda suka ƙware a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗa irinta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Mota ce ta kafireto, wadda kunne da hannu suka isa su karanta. Motocin da ke shigowa yanzu ta Kwatano da Legas kwamfuta ce ke sarrafa injinsu. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa da ake jona na'urar bincike, kuma wannan na'ura ta yaɗu a garejoji. Ta taimaka ƙwarai, amma ta haifar da sabuwar yaudara. Lambar P0301 tana cewa silinda ta ɗaya tana fashin wuta. Ba ta ce fulogi ne ko koyil ko nozul ko bawul ba. Wanda ya san aikinsa zai ɗauke koyil ɗin ya mayar da shi silinda ta biyu, ya ga ko laifin zai bi shi. Wanda bai sani ba zai ce "kwamfuta ta ce a canza koyil huɗu". Sannan na'urar ba ta ganin lanƙwasasshen wili ko kumburin taya ko mataccen boris, waɗanda su ne tushen mafi yawan karkarwar kan titi.

In ɓera da sata

Masu motoci ma suna da kasonsu, domin daddawa ma da wari. Mutum ya zo da hukuncinsa a baki, "canza min fulogi", sannan ya yi fushi idan rawar ba ta tafi ba. Ya ƙi sa man da za a fita babban titi a gwada, alhali rawar da ke zuwa a kilomita 90 ba za a taɓa jin ta a layin gareji ba. Ya tsaya a kan bakanike yana duba agogo. Ya yi ciniki a kan kuɗin aiki har ya kai shi ƙasa, ya biya kuɗin kaya ba musu, ba tare da ya lura cewa da hannunsa yake koya wa bakaniken inda zai ɓoye ribarsa ba. Ya zaɓi mafi arha cikin kaya uku da aka nuna masa, bayan wata biyu ya ce an cuce shi. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo, matsin da ke tura mutane ga arha ya ƙaru. Wannan ma dalili ne na yin bincike kafin saye, domin kuskure ɗaya a yau ya fi kuskure uku na shekarun baya tsada.

Yadda ake gane na ƙwarai

Girman gareji ko kyan rigar aiki ba sa nuna amana. Abin da ke nuna ta shi ne abin da bakanike ya yi a minti goma na farko. Na ƙwarai tambaya yake fara yi: a wane gudu, ta sitiyari ko ta kujera, da birki ko ba birki, tun yaushe. Yakan ce a shiga a zaga tare. Yakan fara da abu mafi sauƙi da arha kafin ya kai ga mai tsada. Idan ya ce wani abu ya lalace, yakan kira mai motar ya durƙusa ya gani, ya kama ƙafar sama da ƙasa ya nuna masa wasan da take yi, ko ya haska masa yagaggiyar roba. Yakan iya cewa "wannan ba aikina ba ne, je ka wurin mai balansin", ko "wannan zai kai ka bayan salla, wancan ne ba zai jira ba". Bakaniken da ya taɓa hana mutum kashe kuɗi ya ba shi hujjar da ta fi kowace rantsuwa.

Akwai tambaya ɗaya da ke tace su: "Idan an canza wannan rawar ba ta tafi ba, yaya za mu yi?" Wanda ya yi bincike yana da amsa, domin ya san abin da ya gani. Mai cinke zai fara kame-kame, ko ya ce ai dama shi ma ya kusa mutuwa.

Shawarar direbobin haya ta fi ta abokin ofis nauyi, domin wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna kullum yana gane gyaran banza cikin kwana biyu, kuma ba ya komawa inda aka ɓata masa rana. Sai an gwada akan san na ƙwarai, saboda haka a fara da ƙaramin aiki kamar juyen baƙin mai kafin a miƙa babba. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a bayyane. A nemi tsohon kayan da aka cire, a saka shi a but. Wannan ba cin fuska ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsa. Idan an sami na ƙwarai, a riƙe shi. Bakaniken da ya san zai ga wannan mota shekara biyar masu zuwa, da motar ƙanin mai ita da ta surukinsa, yana da dalilin da zai sa ya ƙi cin ribar yini ɗaya.

Kuɗin bincike

Duk waɗannan dabaru ne na neman mutumin kirki a cikin tsari marar kyau. Gyaran tsarin kansa shi ne a mayar da bincike aiki mai farashi. Mai mota ya ce tun farko, "Malam, duba min ita sosai, zan biya kuɗin dubawa ko da ba a canza komai ba." Da wannan jimla ya sayi abin da yake nema, wato gaskiyar abin da ke damun motarsa, ya kuma cire wa bakaniken buƙatar ƙirƙiro aiki don ya ci abinci. Babu wanda ke tsammanin likita ya duba shi kyauta ya rayu da ribar allura, kuma kowa ya san irin maganin da ake rubutawa a inda aka yi hakan.

Za a iya cewa wannan ƙarin kafa ce ta cuta, macuci zai karɓi kuɗin dubawa sannan ya canza kayan banza. Haka ne, kuɗin bincike ba ya shiryar da ɓarawo. Amma yana ba mai mota haƙƙin da ba shi da shi a da: wanda ya biya don a gano ciwo yana da ikon neman a nuna masa hujja, yana kuma da ikon ɗaukar amsar ya kai wani wuri a gyara. Za a iya cewa kuma talaka mai motar haya ba shi da rarar biyan kuɗi biyu. Shi ne ma ya fi kowa buƙata, domin shi ne wanda canjin kaya ɗaya na banza ke cinye masa cinikin mako.

Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, wadda ke da rassa da shugabanni a manyan garejoji, tana da damar mayar da wannan al'ada: ƙayyadadden kuɗin dubawa da kowa ya sani, tare da sharaɗin cewa wanda ya karɓa ya ɗauki alhakin abin da ya faɗa. Tunanin ɗora alhaki a kan mai sana'a ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai tun ƙarnoni, ya tabbatar da hukuncin mazhabar Malikiyya cewa masu sana'a suna lamunin kayan da aka bar musu. Wanda aka ɗora wa lamuni kuwa ya cancanci cikakken lada a kan ƙwarewarsa, domin ba a neman amana daga mutum a kuma hana shi hanyar cin halal da ita.

Mutumin nan na hanyar Zariya, da ya san haka, da ya shiga gareji da magana dabam. Da ya ce rawar tana farawa a tamanin, ta sitiyari take zuwa, birki ba ya canza ta, kuma ta fara ne bayan ramin da ya faɗa a makon jiya. Da ya ce zai biya a duba. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai danna bonet ba. Zai ce wa yaronsa ya kawo jak, a fara da ƙafar gaba ta dama.